Kundin buɗe wasa: yadda ake hana injinan ces tashi canjaras kullum

Ku ɗauki Stockfish da Leela Chess Zero, manyan manhajojin wasan ces (chess, darar Turawa), ku haɗa su tun daga takun farko. Galibi canjaras za ku yi ta gani. Ƙwarewarsu ta kai ba mai ba ɗan'uwansa kafa, kuma in an bar su da zaɓinsu, hanyoyi ƙalilan suke bi suna maimaitawa.

Maganin wannan shi ne kundin buɗe wasa, wato jerin takun farko da aka tanada tun kafin a zauna. Injin ba ya lissafi a wannan zango, karantawa kawai yake yi. Sai inda kundin ya ƙare yake fara tunanin kansa.

A da, kundin makami ne na kayar da abokin karawa. A 1997, a wasa na shida tsakanin kwamfutar Deep Blue da zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, a New York, kwamfutar ta sadaukar da dokinta a taku na takwas na buɗin Caro-Kann, kuma daga kundinta takun ya fito. Bayan taku 19 Kasparov ya miƙa wuya.

Yadda ake adana kundin ba wuya. A Polyglot, wani tsarin adana kundi a kwamfuta, kowane zaman allo, wato yadda 'ya'yan wasa suke jere, yana da lambar shaida, a gefenta takun da za a yi da nauyinsa, wato yawan yadda za a riƙa zaɓarsa. Don haka ko ta wace hanya aka iso zaman, injin zai gane shi.

To, yau da inji ke karawa da inji, aikin kundin ya sauya, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A zagayen ƙarshe na TCEC, gasar injinan ces, ana buga wasa 100 daga buɗi 50. Kowane buɗi sau biyu: wanda ya riƙe fari yanzu, shi zai riƙe baƙi a na gaba. Tunda kowa zai ɗanɗana ɓangarorin biyu, ba laifi allon ya karkata. Da gangan ma ake karkatar da shi. Jeroen Noomen, wanda ya daɗe yana tsara wa gasar buɗi, irin wannan zaman yake farauta.

Wahalar tana wajen awo. In rinjayen fari ya yi kaɗan, an koma gidan jiya. In ya yi yawa, kowa ya ci nasa wasan da fari, a tashi ɗaya da ɗaya, ba a gano komai ba. Abin nema shi ne bakin gaɓa, rinjayen da ya kai kimanin soja ɗaya, mafi ƙanƙantar 'ya'yan wasan, inda fari zai iya ci amma baƙi mai taurin kai zai iya tsira. Wani kundi mai suna UHO, wanda Stefan Pohl ya haɗa, haka aka gina shi: an tsamo buɗin daga wasannin mutane, inji ya auna kowanne, aka tace waɗanda suka faɗa wannan siririn tsakani. Masu gina Stockfish da irinsa suke gwada sabbin gyare-gyare a Fishtest, dandalinsu na gwaji, domin wasan da ake ci ya fi saurin nuna ko gyara ya yi amfani.

Idan kuna kallon gasar, ku riƙa duba wasannin bibbiyu. Injin da ya ci da fari, sannan ya riƙe canjaras da baƙi daga zaman allo iri ɗaya, shi ya ɗauki wannan buɗin.