Amsoshin Tambayoyinku: Wane bango ne ya dace da fenti mai talewa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma duk a kan fentin nan mai kauri da ke talewa, wanda ake kira ilastomerik.

Ta farko daga wani magidanci take. Ya ce: "Bangon gidana na waje filastar siminti ce, ta yi tsaga sirara-sirara ko'ina. Na sa an yi fenti, tsagar ta sake fitowa, kuma in an yi ruwa da iska sai danshi ya bayyana ta cikin ɗaki. Ko wannan fentin zai yi mini magani?"

To Malam, irin bangonka ne aka yi fentin dominsa. Siminti na buɗewa in rana ta gasa shi, ya tsuke in dare ya yi sanyi, don haka tsagar da kake gani kullum cikin motsi take. Fentin ruwa da muka saba da shi siriri ne, tsagar na motsawa sai ya yage. Shi kuwa mai talewa, in ya bushe kaurinsa kan ninka na wancan sau da yawa, har kusan sau 10, sai ya riƙa bin motsin bangon yana miƙewa yana komawa, ruwa bai sami hanya ba.

Amma yana da iyaka. Tsagar da yake iya rufewa ba ta wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba. In bakin makulli na shiga cikinta, sai an kankare ta, an share ƙurar, an cike ta da abin toshe tsaga mai laushi kafin a shafa komai. In kuma tsagar ta taso daga kusurwar taga a karkace, ko tana bin layin bulo hawa-hawa tana ƙara faɗi, ajiye batun fenti ka nemo injiniya ya duba harsashin ginin.

Sannan ka shirya sayen bokitai da yawa. Lita ɗaya ta fentin ruwa kan shafe murabba'in mita 8 zuwa 10, ta wannan kuwa da kyar take wuce 2, kuma shafi biyu ake yi. A nan ne wasu masu fenti ke ɓata aiki: su ga yana cin rola yana saurin ƙarewa, sai su tsinka shi da ruwa. Da an tsinka shi, kaurin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Ka tsaya a kan aikin.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce ta aiko. Ta ce: "Bara aka shafa mana shi, yanzu ƙasan bangon ya kumbura wuri-wuri. Da na huda ɗaya sai ruwa ya tsiyayo. Jabu aka sayar mana?"

Malama, da wuya laifin fentin ne. Yadda yake hana ruwa shiga, haka yake hana wanda ke ciki fita. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a kan jiƙaƙƙen jiki. Tururi kaɗan na iya ratsa shi, amma in bango na shan ruwa ta wata hanya, rana na bugawa sai danshin ya taso, ya ɓamɓaro fentin daga jikin filasta, ya taru a bayansa.

Tun da a ƙasan bango abin ya fito, na fi zargin danshin da ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulo. Duba ko akwai farin gari mai kama da gishiri a wurin, ko ruwa na kwanciya a gindin bangon. A duba kuma rufi, da saman bangon da ba a yi masa hula ba, da gefen taga, da bututun ruwan da aka binne a ciki. Ga gwaji mai sauƙi: a kankare wuri har filasta ta fito, a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 ta kowane gefe, a rufe bakinta da salatif, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a bayanta ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba.

Wani abin da ke jawo haka shi ne gaggawa. Sabuwar filasta na buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau ta, sannan a fara da fentin shimfiɗa wanda ke jure kaifin siminti. Gyaran naki shi ne a toshe hanyar ruwan tukuna, a ɓare duk inda ya saki, a bar bangon ya sha iska sosai. Sake shafawa a kan kumburin asarar kuɗi ce kawai.

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Zan iya shafa shi a kan katako ko ginin ƙasa? Kuma ina son launi mai duhu."

Ɗan'uwa, ban ba ka shawara ba. Katako in danshi ya maƙale a cikinsa ruɓewa yake yi a ɓoye, ginin ƙasa kuma sai yana fitar da danshinsa yake zama lafiya. Wurin wannan fenti shi ne filasta da kankare da bulo. Kuma in bangon simintinka lafiya lau yake, babu tsaga babu yoyo, fentin waje mai kyau ya ishe ka. Batun launi kuwa, mai duhu ya fi saurin koɗewa a rana, ya fi kuma zafafa bangon, don haka in za ka yi, zaɓi mai haske.