Ƙarfafa Takardar Taba da Zaren Itace: Lacca ga Ɗaliban Sinadarai

Assalamu alaikum, ɗalibai. Darasinmu na yau a kan takardar taba ne, wadda ake yi da jijiyoyin ganyen taba da ɓurɓushinsa da ƙurarsa, a yayyanka ta a cakuɗa a cikin sigari. Sana'ar ta kankama a Amurka a shekarun 1950, kuma ɗaya daga cikin manyan masana'antunta tana kusa da birnin Le Mans na Faransa.

A hanyar da ta fi shahara, ana jiƙa ragowar tabar a ruwa, a tace ruwan da ya kwashe nikotin da sukari da ƙamshi a ajiye gefe, a markaɗa tukar a baza ta a kan ragar inji, sannan a mayar mata da ruwan bayan an kaurara shi. Matsalar ita ce zaren taba gajere ne, don haka takardar kan tsinke tun tana jiƙe, inji ya tsaya. Shi ya sa ake ƙara zaren itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, wanda tsawonsa kan kai milimita 3. Sai dai idan ya yi yawa, hayaƙin yakan yi ƙaurin takarda, ya kuma yi kaushi a maƙogwaro.

A nan ne masanin sinadarai ke shigowa, domin a sami ƙarfin da ake so da itace kaɗan. Idan aka jiƙa zaren itacen a kostik soda, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, aka haɗa shi da asid ɗin monokuloro-asetik, yakan kumbura ya yi laushi, ya kwanta a jikin ɗan'uwansa, su manne sosai idan sun bushe. Amma kumburarren zare yana riƙe ruwa, sai tacewa a kan raga ta yi nawa, kuma idan aka zarce, wani sashensa ya narke ya bi ruwa.

Ku lura, babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke rage illar sigari ga lafiya. Ribar ta mai masana'anta ce.

Wasu masana kuma sukan ɗora wa zaren itacen cajin lantarki na fozitif, domin ya janyo ƙurar taba mai cajin negatif ta daina zubewa ta ragar. A ganina wannan hanya ta fi buƙatar taka-tsantsan, saboda duk abin da aka zuba a takardar nan wuta za ta ci shi: sinadaran da ke ɗora cajin suna ƙara naitirojin, suna kuma iya barin kuloraid, wanda ke hana taba ci da kyau.