Ciwon gwiwar hannu: lacca kan waƙar mashaya a Brazil

Jama'a, na yi alkawarin kawo abubuwa uku game da wannan waƙa, kuma zan fara da mai ita. Reginaldo Rossi mutumin Recife ne, babban birnin jihar Pernambuco a arewa maso gabashin Brazil, kuma a shekarar 1987 ya fitar da waƙar "Garçom", wato sabis mai kai wa baƙi abin sha. Labarinta gajere ne. Wani mutum yana zaune a mashayar unguwa, masoyiyarsa ta aiko masa da wasiƙa cewa yau za ta yi aure, shi kuwa ya tsare sabis yana zayyana masa damuwarsa, har ya roƙe shi cewa idan barci ya kwashe shi, ya kwantar da shi a ƙasa.

Abu na biyu, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne sunan da mutanen Brazil suka laƙaba wa irin wannan raɗaɗi. Suna cewa "dor de cotovelo", ma'ana ciwon gwiwar hannu. Ku saurara da kyau, gwiwar hannu fa na ce. Wanda masoyi ya guje wa yakan kafa gwiwar hannunsa a kan kantar mashaya, ya zabga tagumi tun magariba har dare ya raba, har gwiwar ta fara yi masa zogi. Na ga wani a sahun baya ya yi maza ya sauke tagumi. Malam, ba da kai nake ba. Ana danganta yaɗuwar wannan suna da Lupicínio Rodrigues, mawaƙin Porto Alegre da ya rayu daga 1914 zuwa 1974, wanda akasarin waƙoƙinsa na cin amana ne da kishi. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka bar zuciya, wadda ba a gani, suka kama gaɓar da kowa a mashayar yake gani. Gwiwar hannu, jama'a.

Sai abu na uku. Salon Rossi ana kiransa "brega", wanda masu ilimi suka daɗe suna rainawa a matsayin kiɗan talakawa, sannan daga baya Marília Mendonça, wadda ta rasu a haɗarin jirgin sama a 2021 tana da shekara 26, ta rera irin wannan kuka da bakin mace.

Wata baiwar Allah tana tambaya ko wannan duka tallar giya ce. Hajiya, tambayarki tana kan hanya, domin mutumin cikin waƙar ya faɗa da bakinsa cewa zai sha ya bugu, ba zan wanke shi ba. Sai dai ki duba wanda aka sa wa waƙar sunansa. Mawaƙin da kansa ya yarda cewa sabis ɗin ya gaji da jin ɗaruruwan labarai irin nasa, amma aikinsa ya hana shi tafiya, kuma daga farkon waƙar har ƙarshenta bai ce uffan ba.