Zanen mafarki a bayan gilashi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau mun nufi Manila, babban birnin Filifins, inda a 2012 gidan tarihin ƙasar ya buɗe zaure na musamman don saƙar gargajiya, bisa ƙoƙarin Sanata Loren Legarda.

Cikin abin da gidan ke tinƙaho da shi akwai wani ƙyalle da aka tsinto a 1936 cikin akwatin gawa na katako, a wani kogo na tsibirin Banton. Ya yi ɗaruruwan shekaru, duk ya zagwanye, amma adonsa na nan.

Ni dai wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne tinalak, saƙar matan ƙabilar Tiboli da ke bakin tafkin Sebu a kudancin ƙasar. Ba auduga ba ce. Daga jikin abaka, wata 'yar'uwar ayaba, ake tsago zaren, a ƙulla shi sili-sili da hannu. Sai a ɗaɗɗaure wuraren da ba a so rini ya kama. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya gane dabarar, sai dai su zaren suke ɗaurewa tun kafin a hau masaƙa. Launi uku ne kacal: baƙi, ja, da farin zaren kansa. In an gama, a goge shi da wuri irin na kuɗin da, har ya ɗauki sheƙi. Turmi guda kan ci watanni. Adon kuwa, a imaninsu, a mafarki ake nuna wa masaƙiya shi.

Marigayiya Lang Dulay, masaƙiyar tinalak wadda gwamnati ta karrama a 1998, adon da ta haddace ya kai ɗari, ba takarda ba alƙalami. Ta rasu a 2015.

To, a nan gizo ke saƙar. Gilashi yana tsare zane daga ƙura da asu, amma ba ya koya wa yarinya ƙulla zare. Ga kuma 'yan kasuwa na kwafar adon ƙabilu suna bugawa da inji, suna karya farashi, kamar yadda masaƙan yankin Kodilera da ke arewacin ƙasar suka koka. Shi ya sa a ganina, rabin kuɗin fitilu da na'urar sanyaya zaure gara a kai shi bakin tafkin Sebu, inda matan da Lang Dulay ta koya wa sana'ar ke zaune a ƙasa, masaƙa ɗaure a ƙugu.