Girma Cikin Ruhu: Daga Madara Zuwa Abinci Mai Tauri

'Yan'uwa, salama a gare ku. Yau maganarmu a kan girma cikin ruhu ce.

Bisharar Yahaya sura 1 aya 12 ta ce duk wanda ya karɓi Yesu, ya ba da gaskiya ga sunansa, an ba shi ikon zama ɗan Allah. Wannan haihuwa ce, kyauta ce, ba wanda ya saye ta da aikinsa. Amma bayan haihuwa akwai girma. Mutum yana iya shekara 20 bai fasa zuwa sujada ba, ya haddace ayoyi, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, alhali har yanzu jariri ne.

To, da me ake gane jariri? Mu duba ikkilisiyar Korinti. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyar da su. Shi da kansa ya shaida cewa babu wata baiwar ruhu da suka rasa. Suna annabci, suna magana da harsuna. Duk da haka, a 1 Korantiyawa sura 3 ya ce madara ya ba su, don ba su isa cin abinci mai tauri ba. Dalilinsa kuwa hassada ce da jayayya. Wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne, wani malami da shi ma ya koyar da su. Ɗan'uwa yana kai ɗan'uwansa ƙara gaban alƙalin da ba mai bi ba. Har a Jibin Ubangiji, wato abincin da masu bi suke ci tare don tunawa da mutuwar Yesu, wani ya ci ya ƙoshi har ya bugu, wani kuma yana zaune da yunwa, ba wanda ya waiwaye shi.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mun saba auna girma da ƙarfin muryar addu'a ko yawan baiwa. Bulus bai auna da su ba. Halin mutum da 'yan'uwansa ya duba. Galatiyawa sura 5 ta lissafa abin da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Yawancinsu ba sa bayyana sai an yi cuɗanya da mutane. Haƙurinka ba ya fitowa sai an taka ka.

Yaya ake girman? Ibraniyawa sura 5 aya 14 ta ce abinci mai tauri na manya ne, waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu har suna iya rarrabe nagarta da mugunta. Wato jin wa'azi kaɗai bai isa ba, sai an aikata. Ka karanta cewa ka gafarta, sai ka tashi ka nemi wanda kuka yi wata uku ba ku gaisa ba, ka fara yi masa magana. An kawo maka gulma, ta mutu a kunnenka. Addu'a kullum, nazarin Maganar Allah, zumunci da masu bi da za su iya tsawata maka, su ne abincin. Gwaji ma yana cikin horon, shi ya sa Yaƙub a wasiƙarsa ya ce gwajin bangaskiya yakan haifi jimiri.

Ga wanda ya taɓa faɗuwa kuwa, ina so ka tuna da Yahaya Markus. Ya bi Bulus da abokin hidimarsa Barnaba tafiyar bishara, da suka kai Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma Urushalima. Da aka tashi tafiya ta biyu, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Saɓanin ya yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus. Can Markus ya ci gaba da hidima a hannun Barnaba, mutumin da bai fid da rai a kansa ba. Shekaru suka wuce. Bulus yana kurkuku, ƙarshen ransa ya matso, ya rubuta wa almajirinsa Timoti cewa ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi cikin hidima.