Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa A Ziyararsa Zuwa Nafada

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, da 'yan tawagarsa. Hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, iyayenmu mata, matasa, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, a madadin manoman rani, masunta da makiyayan ƙasar Nafada, ina yi maka barka da zuwa. Sannu da hanya, sannu da rana.

Ka zo mana da rani, ka tarar da kogin Gongola a kwance, yashi ya fi ruwa yawa. Kada wannan ya ruɗe ka. Kogin nan ɗan tsauni ne, kuma bai taɓa barin halin gidansu ba.

Daga gangaren gabashin tsaunukan Jos yake tasowa, ƙasar da tsayinta ya haura mita 1,200 daga teku. Ƙananan rafuka ne irin su Lere da Maijuju ke zubowa ta kan duwatsu, su haɗu, su gangaro filin Bauchi. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ya tsallake shi a gadar Dindima. Daga nan sai ya miƙe arewa maso gabas, ya wuce Gombe Abba, garin da Modibbo Buba Yero ya kafa, har ka rantse tafkin Chadi ya nufa. Masana ƙasa da dama ma na ganin can yake zuba a zamanin da ya shuɗe. Amma da ya iso nan ƙofar gidanmu, sai ya karya kwana, ya juya kudu. Wannan kwanar ita ce Nafada.

Abin da ya rage na tafiyarsa gwamnati ta fi mu saninsa, domin a can ta zuba kuɗinta: madatsar Dadin Kowa da aka kammala a 1984, sai kogin Hawul da ke saukowa daga tudun Biu ya shigo masa, sai madatsar Kiri ta 1982 mai shayar da gonakin rake, sannan ya faɗa Binuwai daura da Numan. Tafiyarsa gaba ɗaya, tun daga tsaunin, kilomita kusan 530 ke nan. Daga 1976 zuwa 1991 har jiha guda aka kira da sunansa.

Mu ma ba baƙin tarihi ba ne. A ƙasar nan ta bakin Gongola, a Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a 1903. A 1913 Turawa suka dawo da hedikwatar masarautar Gombe nan Nafada, kafin a mayar da ita Gombe Doma a 1919.

To, yallaɓai, ga inda gizo ke saƙar. Madatsun nan biyu duk a ƙasa da mu suke. Ruwan da suka tare ya riga ya wuce mu, ba ya dawowa. Tsakaninmu da tsaunin kuwa babu abin da ke rage masa gudu. Damina na riga sauka a Jos kafin ta iso nan, kuma ruwan can ya fi namu yawa. Shi ya sa a Agusta da Satumba mutum zai kwanta sama tas, ko hadari babu, ya wayi gari kogi ya cika ya batse da jan ruwa. Ruwan da aka yi a kan dutse ne ya iso. Kuma kowane kogi, in ya zo kwana, gaɓar waje yake ci. Kowace shekara yana gutsurar gona, ya kwashi shinkafa da masarar fadama, wani lokaci har da kwalekwale da mutanen cikinsa.

Ba tsine wa kogin muke yi ba. Laka da yake shimfiɗa mana ita ce takin albasa, tumatir da barkonon da muke kaiwa kasuwa, kuma a ƙarƙashin yashin da ka gani akwai ruwa, haƙa kaɗan ake yi a same shi.

Babbar buƙatarmu ita ce labari. A kafa ma'aunin ruwa a can sama, wajen Dindima da gaba, da mutanen da aikinsu shi ne su sanar da mu ta rediyo da waya da zarar kogi ya taso. Kwana guda na gargaɗi ya ishi manomi ya janye injinsa, makiyayi ya hau tudu da shanunsa, mai fito ya ɗaure jirginsa. Wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Bayan shi muna roƙon a ɗaure gaɓar da ke zaizayewa kusa da gidaje, a kuma taimaka wa masu noman rani da rijiyoyin fadama da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, don kuɗin fetur na cinye ribar manomi tun kafin ya cire amfani.

In an tashi daga nan, Sarkin Ruwa zai raka ka bakin gaɓa ka ga alamar inda ruwan bara ya tsaya. Muna kuma gayyatarka ka sake dawowa da damina.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.