Dish ɗaya, taurari biyu: yadda na haɗa Astra da Hotbird a barandata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau babu fita, a baranda za mu wuni. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, Hamburg ke nan, ko da bazara ba ta rabuwa da iska da yayyafi. Bari in juyo da kyamara ku ga abin da ya fito da ni. Ga shi nan: dish ɗaya ne, santimita 85, amma ku dubi bakin hannunsa, LNB biyu ne kafaɗa da kafaɗa, wato 'yan na'urorin nan da ke karɓar sigina daga farantin. Tun da ya fito a bayana a wani bidiyo, 'yan'uwa daga nan Jamus da Faransa da Italiya suke ta tambayata yadda aka yi, shi ya sa na ce gara in kwance shi a gabanku in sake ɗaurawa.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki, tun 1 ga Yulin 2024 doka ta canza a nan, mai gida ba ya iya cusa kuɗin talabijin na kebul a cikin kuɗin haya kamar da. Kowa ya nemi hanyarsa. Kuɗin da doka ta wajabta a biya wa kafafen yaɗa labarai na jama'a kuwa, yuro 18.36 a wata, yana nan a kan kowane gida, ka kalla ko ba ka kalla ba. Na zauna na yi lissafi. Yara suna bukatar tashoshin Jamusanci, musamman KiKA, domin kunnensu ya saba da harshen makaranta, waɗannan kuma kyauta ake kama su a kan tauraron ɗan adam na Astra da ke digiri 19.2 gabas. Uwargida ita burinta tashoshin Larabci, ta kunna ta ga Harami kai tsaye tana aikinta, wannan kuma sai Hotbird, digiri 13 gabas. Na rubuta wa mai gidan da muke haya, ya amince, amma da sharaɗi biyu: dish ɗaya tak, kuma kada a huda masa bango.

Don Allah kada wanda ya ɗaura dish a gidan haya a ƙasar nan bai nemi izini a rubuce ba. Gaskiya ne tun 1994 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta ba wani ɗan haya Baturke gaskiya a kan haƙƙinsa na kallon tashoshin ƙasarsu, amma yanzu da intanet ta wadata, ana duba ko kana da wata hanyar samun tashoshin. Takarda ɗaya ta fi maka doguwar shari'a.

To, yaya faranti ɗaya zai ga taurari biyu? Duk taurarin talabijin a jere suke a layi ɗaya, saman layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke. Shi dish ba ya kama komai da kansa, madubi ne kawai. Yana tattara siginar da ta faɗo masa ya jefa ta wuri guda, inda LNB yake jira. Tauraron da dish ya fuskanta kai tsaye, tasa siginar tana taruwa a tsakiya. Maƙwabcinsa na gefe shi ma tasa tana faɗowa a kan farantin, sai dai tana taruwa a ɗan gefe. Idan ka ajiye LNB na biyu a daidai wannan gefen, ka kama shi. Jamusawa suna cewa LNB ɗin yana kallon harara-garke, kuma wallahi sunan ya dace, domin da gefen ido yake kallon farantin.

Ga inda na sha wahala, ku matso ku gani. Tunda madubi ne, komai a juye yake. Ina tsaye yanzu a bayan dish, fuskata tana kudu. Astra ya fi Hotbird kusa da gabas, wato a sama yana hannun haguna. Ranar farko sai na ɗaura LNB ɗinsa a hagu, don haka hankali ya ba ni. Tun bayan azahar nake murɗawa har aka kira magariba, yatsuna sun ƙage don sanyi, ingancin sigina a allo bai tashi daga sifili ba. Maƙwabcina na sama, wani dattijo Baturke da ya daɗe yana kama Türksat a digiri 42, shi ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, mayar da shi ɗaya hannun." Ina mayarwa dama, ko minti biyar ba a yi ba hoto ya fito. Ku riƙe wannan: tauraron gabas, LNB ɗinsa yana yamma. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Wane za a ba tsakiya? Ni Hotbird na ba, na bar Astra a gefe, domin Astra yana da ƙarfi sosai a Jamus, dish mai santimita 60 ma ya ishe shi idan shi kaɗai ne. Wanda yake gefe kullum yana rasa wani abu na sigina, saboda haka mai ƙarfin ake turawa can. Dalilin da ya sa ban sayi ƙaramin dish ba ke nan. Ranar da rana take haske kowane faranti gwani ne. Sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sannan za ka ga hoto yana daskarewa yana farfashewa. A garin da ruwa ba ya yankewa irin wannan, 80 zuwa 90 shi ne kwanciyar hankali.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ana sayar da LNB mai kai biyu a jiki ɗaya, sunansa monoblock, an ƙera shi da tazarar digiri 6 musamman domin Astra da Hotbird, a kan dish na wajen santimita 80. Waya ɗaya ce take fita daga cikinsa, ka ɗaura ka huta. Wanda ya san taurarin nan biyu kaɗai yake so har abada, ya saye shi. Ni abin da ya hana ni, tazararsa a kulle take, ba ka iya matsar da kai ɗaya ka bar ɗaya, kuma ba ka iya ƙara na uku. Shi ya sa na ɗauki wannan sandar ƙarfen mai lanƙwasa, kowane LNB da maɗaurinsa, ina zame shi hagu ko dama, in ɗaga in sauke yadda nake so.

Yanzu ga ɗan akwatin nan da na ɓoye a ƙarƙashin dish, wanda bai kai tafin hannuna ba. Shi ne DiSEqC, masu ɗaura dish a gida suna ce masa daisek. Kamfanin Eutelsat, masu Hotbird, su suka fito da tsarin. Ƙofa huɗu ne na shiga, ɗaya ta fita zuwa risiba. Idan ka danna rimot ka koma tashar da ke wani tauraro, risiba tana aiko masa da umarni ta cikin wayar nan ɗaya, shi kuma ya buɗe ƙofar da aka ce. Daisek 1.0 yana ɗaukar taurari 4, 1.1 yana kaiwa 16, 1.2 kuma na injin da ke juya dish ne. Wayar nan da kuke gani ba sigina kaɗai take ɗauka ba, har da wuta: bolt 13 ko 18, da su risiba take gaya wa LNB ya karɓi siginar tsaye ko ta kwance, sannan akwai wani sauti na kilohaz 22 da ke mayar da shi firikwansi na sama. Saboda haka kafin ka taɓa kowace waya, zare risiba daga soket. Siririn gashin waya ɗaya ya taɓa ƙarfen tsakiya, ka iya ƙona daisek ko risibar kanta.

Mu shiga ciki ku ga allon. Ku lura da yadda wayar ta shigo: wannan 'yar shimfiɗaɗɗiyar waya ce mai kama da ɗamara, tana bi ta ƙarƙashin ƙofar baranda, ƙofa ta rufu a kanta, ba a huda komai ba. Shi ma dish ɗin da maƙalai na ɗaure shi a ƙarfen baranda. To ga saitin. Astra: LNB universal, firikwansinsa 9750 da 10600, daisek ƙofa ta 1. Hotbird: haka dai, amma ƙofa ta 2. Abin da ka rubuta a nan dole ya yi daidai da ramin da ka soka wayar a waje. Mutane da yawa dish ɗinsu lafiya lau yake, matsalar kawai sun soka a 2 sun rubuta 1, sai su hau murɗa abin da ba shi da laifi. Kuma wajen saiti kada layin ƙarfi ya ruɗe ka, wannan ko bango dish yake kallo zai nuna wani abu. Layin inganci shi ne magana. Sannan wanda ya zo da tsohuwar risiba, ya sani tashoshin ARD, kafar yaɗa labarai ta jama'a a Jamus, sun daina watsa tsohon hoto na SD tun 7 ga Janairun 2025, sai mai kama HD.

Wani abu da yake ba baƙi mamaki: a Kano ko Damagaram dish kusan sama yake kallo, kamar an ɗora faranti ana shanya, domin muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, taurarin suna bisa kanmu. A nan Hamburg kuwa digiri 28 zuwa 29 kawai suka ɗaga daga ƙasa, shi ya sa kuke ganin nawa a tsaye kamar yana kallon gidan da ke tsallaken titi. Wannan yana nufin bishiya ko bene na iya tare ka. Lissafin da nake yi: abin da ke gabanka, tsawon da ya ɗara dish da shi kada ya wuce rabin nisan da ke tsakaninku. Idan kuma barandarka arewa take kallo, kada ka ɓata kuɗinka.

Sai tambayar da ta fi yawa, kuma ita ta fi taɓa ni, domin ni ma da wannan burin na fara: "Malam, idan na ƙara LNB zan kama tashoshin gida?" 'Yan'uwa, a'a. Kowane tauraro yana haska yankin da aka nufa da shi ne, kamar tocila. Wanda DStv take amfani da shi domin ƙasashenmu yana digiri 36 gabas, daga barandar nan babu abin da ya tare ni da shi, amma haskensa Afirka aka karkata shi, ba ya sauka a arewacin Jamus. Haka hasken Afirka na Eutelsat da ke digiri 16. Ko LNB goma ka jera, abin da bai sauko a unguwarku ba ba za ka tara shi ba. Na ga wanda ya kashe kuɗi masu yawa a kan wannan fata, abin ya ba ni tausayi. Tashoshin Hausa a intanet muke kallonsu. Nilesat ma, da ke digiri 7 yamma, wanda da yawa muka saba da shi, a nan arewa yana da rauni, sai babban faranti, kuma tsakaninsa da Astra ya haura digiri 26, sandata ba za ta kai ba. Masu son irin wannan faɗin sukan sayi dish mai madubi biyu irin Wavefrontier T90, wanda yake ɗaukar LNB har 16 a faɗin digiri 40, ko su sa injin juyawa. Injin yana kai ka taurari da yawa da LNB ɗaya, amma sai ka jira ya juya duk lokacin da ka sauya tauraro, kuma talabijin biyu ba za su kalli taurari daban a lokaci guda ba. A baranda mai iska irin tawa, ban yarda da nauyinsu ba.

Bari in koma waje in ƙarasa. Kan wayar nan da ke shiga LNB, ku ga yadda nake naɗe shi da tef ɗin roba mai manne kansa, sannan in bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, domin ruwa ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga. Bara ban yi haka ba, da sanyi ya wuce na buɗe na tarar jan ƙarfen ya zama kore, Hotbird yana zuwa yana ɗaukewa. Yanzu sai noti. Kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, domin idan ka ƙulle ɗaya gaba ɗaya dish yana gocewa ba ka sani ba. Babban ɗana yana ciki yana duba mini allo. Yaro, nawa inganci yake nunawa? To madalla, bai sauka ba. Koma ƙofa ta 2 mu gani. Kun ji uwargida daga kicin tana cewa, "Maigida, a bar shi nan, ga Ka'aba ta fito." To an bar shi. Miƙo mini sifana mai lamba 13 in ɗaure na ƙarshen, ga yayyafi ya fara.